Yadda Ake Ɗaukar Hoton Furannin Daji Da Shimfiɗar Wuri A Lambun Shaƙatawa Na Cikin Gari

Tambayar da aka fi yi mini kan ɗaukar hoto ita ce: me ya sa furen da ya ja hankalin mutum a ido, in ya ɗauke shi a waya sai launinsa ya koɗe, gefensa ya yi dishi-dishi, bayansa kuma ya cika da tarkace? Daga nan sai a biyo da ta biyu, wace waya ko kyamara ya kamata a saya. Amsata ga ta biyun ba ta canzawa: kada ka sayi komai tukuna. Yawancin hotunan fure da ke lalacewa ba laifin na'ura ba ne. Laifin lokacin da aka fita ne, da inda aka tsaya, da abin da aka bari a bayan furen, kuma duka ukun ana gyara su ba tare da kashe ko sisi ba.

Ga matakan a jere. Furannin da nake nufi su ne masu fitowa da kansu a gefen hanya, gindin bishiya, bakin tafki da jikin shinge, amma dabarun za su yi maka aiki a kan na shuka ma.

1. Zaɓi lokacin fita

Wannan matakin ya fi duk sauran nauyi. Hasken da ya fi dacewa da fure shi ne na sa'ar farko bayan fitowar rana, da na sa'ar ƙarshe kafin faɗuwarta. A lokutan nan rana na ƙasa-ƙasa, haskenta na zuwa ta gefe, yana da taushi, kuma yana fito da jijiyoyin ganye da ɗan gashin da ke jikin kara. Idan an ba ni zaɓi tsakanin biyun, safiya nake ɗauka. Iska kan lafa da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, mutane ba su cika wurin ba, furannin kuma ba su sha zafin yini sun yi yaushi ba. Akwai ma irinsu yaryaɗi, mai fure kamar mazurari, da yake buɗewa da safe ya tsuke kafin yamma. Wanda ya zo da la'asar ba zai same shi a buɗe ba.

Ka duba wayarka tun daren jiya ka ga ƙarfe nawa rana za ta fito, ka kuma tabbatar an buɗe ƙofar lambun a lokacin. Ka sani cewa a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana na saurin ɗagawa, kyakkyawan hasken ba ya daɗewa kamar yadda yake yi a ƙasashen arewa ko kudu masu nisa. Sammako dai shi ne maganin.

Ranar da gajimare ya rufe sama, kada ka ce yau babu hoto. Ga fure, wannan rana ce mai albarka. Gajimare na tace hasken ya bazu ko'ina daidai, babu inuwa mai duhu, launi kuma ya fito cikakke. Haka ma bayan an ɗauke ruwan sama, lokacin da ɗigo ke maƙale a ganye.

Hattara: tsakar rana, daga hantsi ya dubi ludayi zuwa la'asar, shi ne mafi munin lokaci. Hasken na dukan furen daga sama, farin wuri ya ƙone, inuwa ta yi baƙi ƙirin. Idan ba ka da wani lokaci sai wannan, nemi furannin da ke cikin inuwar bishiya, ko ka yi musu inuwa da kanka kamar yadda zan nuna a mataki na 7.

2. Haɗa kayan aiki

Ba su da yawa. Waya ko kyamara cike da caji, da wurin ajiya wanda bai cika ba. Ɗan ƙyalle mai taushi na goge gilashi. Farar takarda mai kauri kamar girman littafin rubutu. Leda ko tsumman da za ka durƙusa a kai. Ruwan sha, takalmi rufaffe, da dogon wando wanda ba za ka ji haushi ba in ya kwashi ƙasa. Kusan duk waɗannan suna cikin gidanka.

Idan kana son ƙara kuɗi, ga jerin daga mai araha zuwa mai tsada. Farar lema mai barin haske ya ratsa, wadda ita ce ta fi biyan kuɗinta. Ƙaramin gilashin kusa da ake maƙalawa a bayan waya. Gajeriyar sanda mai ƙafa uku da za ta iya sauka dab da ƙasa. Ga mai babbar kyamara, akwai zoben da ake sakawa tsakanin kyamara da gilashinta don ta iya matsowa kusa, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na gilashin makro ba, wato gilashin da aka ƙera don ɗaukar ƙananan abubuwa a kusa. Shi gilashin makro, mai tsawon milimita 90 zuwa 105, shi ne ƙololuwa, amma ban ba kowa shawarar saye ba sai ya tabbatar abin ya shiga ransa.

Hattara: doguwar sanda mai ƙafa uku wadda ba ta sauka ƙasa da ƙugu ba ta da amfani ga ƙananan furanni, kuma wasu lambunan ba sa barin a kafa ta sai da izini.

3. Saita na'urar tun daga gida

Goge gilashin kyamara. Waya na yini a aljihu da tafin hannu, maiƙon yatsa kuwa shi ke sa hoto ya fito kamar an ɗauka cikin hazo. Shiga saitin kyamara ka kunna layukan da ke raba fuskar waya gida tara. Kashe filasha. Mayar da girman hoto zuwa 4:3, domin shi ke amfani da dukan idon kyamarar a yawancin wayoyi, 16:9 kuwa yanke sama da ƙasa kawai yake yi. Kashe duk wani abin ƙara kwalliya ko canza launi, domin gyara daga baya ake yi.

Mai babbar kyamara ya juya maɓalli zuwa A ko Av, inda shi zai zaɓi faɗin ƙofar haske, kyamarar ta zaɓi saurin ƙiftawa. Ya fara da ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, daga 100 zuwa 400. Idan zai gyara hotunan a kwamfuta, ya ɗauka da tsarin ajiyar hoto na RAW, domin yana riƙe bayanan haske da launi fiye da JPEG, sai dai yana cin wuri.

4. Zagaya da ido kafin ka ɗaga kyamara

Da shigarka, ba wa kanka 'yan mintuna kana tafiya kana kallo kawai. Ta ina rana take fitowa? Ina inuwa ta faɗi? Furannin daji ba sa zama inda injin yankan ciyawa ke bi kullum. Duba gindin shinge, bayan benci, gefen magudanar ruwa, tsagin siminti, da wurin da ciyawa ta yi tsawo. Mutane da yawa na ƙare ƙarfinsu a kan furen farko da suka gani a bakin ƙofa, kafin su isa wurin da ya fi kyau haske ya riga ya canza.

Hattara: ka tsaya a kan hanya ko filin da aka yarda a taka. Kada ka kutsa tsakiyar furanni don kama guda ɗaya, domin za ka tattake goma. Ƙasar da ake yawan takawa kan daskare, iri ya kasa fitowa a kakar gaba. Kafin ka durƙusa kuma, dubi wurin da kyau: tururuwa, ƙaya, fasasshiyar kwalba, wani lokaci har maciji a cikin doguwar ciyawa. Shukar da ba ka sani ba kada ka murza ta da hannu, wasu na sa ƙaiƙayi ko ƙuna.

5. Zaɓi fure ɗaya, ka sauka daidai tsayinsa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tsaya a tsaye ya karkata waya ƙasa ya danna. Abin da zai samu shi ne fure a tsakiya, ƙasa da busasshen ganye kewaye da shi, irin kallon da kowa ke yi in yana wucewa. Durƙusa. In ta kama, kwanta rub da ciki. Kawo kyamarar daidai tsayin furen, ko ƙasa da shi kaɗan. Nan take za ka ga siffar karan, yadda furen ya sunkuya ko ya ɗaga kai, kuma bayansa ya koma nesa maimakon ƙasar da ke dab da shi. Ga masu waya akwai dabara mai sauƙi: juya wayar kanta ƙasa, yadda gilashin zai kusan taɓa ciyawa.

Sannan ka zaɓa. A cikin furanni ashirin, nemi wanda bai yage ba, bai fara bushewa ba, kuma ya ɗan ware daga 'yan'uwansa. Ba lallai ya zama marar aibi ba. Wani lokaci toho da ke shirin buɗewa, ko fure mai ɗan cizon tsutsa a gefe, ya fi ba da labari. Abin da ake so shi ne ka san wanda ka zaɓa, mai kallo ma ya gane ba sai an nuna masa ba.

Kada ka dasa shi a tsakiya kullum. Ɗora shi a ɗaya daga cikin wurare huɗun da layukan nan suka gitta juna, ka bar fili ta ɓangaren da yake fuskanta. Furen da aka ɗauka ta sama kai tsaye, mai zagaye daidai, shi ne ke jure zaman tsakiya.

6. Share bayan hoton

A nan ake gane wanda ya iya. Kafin ka danna, ɗauke idonka daga furen ka bi kusurwoyi huɗu na fuskar kyamarar da kallo. Akwai farar leda? Kwandon shara? Ƙafar benci? Busasshen kara da ya gitta ta bayan furen kamar ya soke shi? Ido na fara zuwa wurin da ya fi haske a hoto, don haka ɗan farin abu ƙarami a baya na iya ƙwace hoton gaba ɗaya.

Matsawa kaɗan ce ke gyara wannan. Gusa da tafin hannu ɗaya zuwa dama ko hagu, ko ka ƙara sauka, sai ka ga bayan ya canza daga bango zuwa koren ciyawa, ko zuwa inuwar bishiya mai duhu wadda ke sa farin fure ko ruwan ɗorawa ya yi tsalle ya fito. Sharar da mutane suka yar ka ɗauke ta ka kai kwando. Ciyawar da ta tare ka lanƙwasa ta a hankali ka sake ta bayan ka gama.

Don bayan ya narke ya yi laushi, abu uku ne: ka matso kusa da furen, bayan ya kasance nesa da shi, ƙofar haske kuma ta buɗe sosai. Na tsakiyan ne mutane ke mantawa. Furen da ke jingine da bango ba zai taɓa samun baya mai laushi ba komai tsadar kyamara, amma wanda ke da mita 3 ko 4 na fili a bayansa zai samu ko da waya ce. A babbar kyamara, gwada f/2.8 zuwa f/5.6. Ka tuna lambar na ƙara ƙanƙanta ne ƙofar na ƙara buɗewa.

Hattara: kada ka tsinke fure don ka kai shi wuri mai kyau. A lambuna da yawa doka ta hana, kuma ko babu doka, furen nan abincin ƙudan zuma ne, shi ne kuma irin baɗi. Haka nan tsarin ɗaukar hoton fuska da ke waya, mai dusar da baya da kansa, yakan ruɗe a kan siraran kara da gashin fure ya gutsure su. In ka yi amfani da shi, ɗauki wani hoton ba tare da shi ba.

7. Sarrafa haske

Zagaya furen ka gwada shi ta fuska uku. Idan rana na bayanka, launi zai fito amma hoton zai yi lebur, inuwarka ma na iya faɗawa kansa. Idan tana gefe, siffa da kauri za su fito. Idan kuma tana bayan furen, kana fuskantarta, hasken zai ratsa siraran ganyen furen su yi kamar an kunna musu fitila daga ciki, gefen kara ya yi zaren haske, ɗigon raɓa ya yi ƙyalli. Wannan na ukun shi na fi so, shi ne kuma ya fi wahala. Kare gilashin da tafin hannu ko hula daga sama don kada rana ta doke shi kai tsaye ta wanke hoton, ka dai lura kada hannun ya shigo.

Idan gaban furen ya yi duhu, nan farar takardar nan za ta yi aiki. Riƙe ta a gaban furen daga ƙasa, ka karkata ta a hankali kana kallon fuskar kyamara har ka ga hasken ya dawo ya cike inuwar. Idan kuma rana ta yi zafi, buɗe farar lemar tsakaninta da furen. In babu lema, jikinka ma ya isa ya yi inuwa. Ka tabbatar inuwar ta rufe furen duka, kada ya zama rabi rana rabi inuwa.

Sai yawan hasken da ke shiga. Bayan ka taɓa furen a fuskar waya, alamar rana kan fito a gefe ko a ƙasa. Ja ta don rage haske kaɗan. Jan fure da ruwan ɗorawa su ne suka fi saurin cikewa su zama dunƙulen launi marar zane. Farin fure a gaban duhu shi ma yakan ƙone, domin kyamara na ganin duhun ta ƙara haske. A babbar kyamara rage ma'aunin haske mai alamar +/- zuwa tsakanin -0.3 da -1. Dalili shi ne wurin da ya ɗan yi duhu ana iya ɗago shi wajen gyara, amma wanda ya ƙone ya yi fari fat ya tafi ke nan.

Hattara: kada ka kalli rana ta cikin ramin leƙe na babbar kyamara, musamman da dogon gilashi. Tana iya yi wa ido illa.

8. Kama fokas

Kada ka bar wa waya zaɓi, domin sau da yawa ciyawar baya take kamawa. Taɓa daidai wurin da kake so ya fito tsaf, wanda galibi shi ne tsakiyar furen inda siraran zaren nan masu gari suke, ko gefen da ya fi kusa da kai. Idan ka danne wurin na ɗan lokaci, yawancin wayoyi na kulle fokas da haske, sai ka ga rubutu ko alamar kwado ta fito. Daga nan ba za ta riƙa sauya ra'ayi ba.

Kowane gilashi na da iyakar kusancin da zai iya gani. A wayoyi da yawa, babban gilashin ba ya kamawa in ka matso ƙasa da kimanin santimita 10, wasu ma sai 15 ko 20. Idan ka ga hoton ya ƙi washewa, ja baya kaɗan, daga baya ka yanke gefe. Wayar da ke da gilashin jawo nesa na 2x ko 3x na gaske, yi amfani da shi daga ɗan nesa: baya zai fi laushi, inuwar wayar kuma ba za ta rufe furen ba. Amma jawo hoto da yatsu biyu fiye da ƙarfin gilashin buɗa shi kawai yake yi ya farfashe. Ƙananan gilasan makro masu megafiksel 2 da ke bayan wasu wayoyi masu araha ma ba su kai babban gilashin inganci ba.

Da gilashin makro a kusa sosai, faɗin wurin da ke fitowa tsaf bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Idan kana son furen duka ya fito, tsuke ƙofar zuwa f/8 ko f/11, ka kuma daidaita kyamarar ta fuskanci furen sak, ba a karkace ba. Wuce f/16 kan fara rage kaifin hoto.

Hattara: a ƙaramar fuskar waya kusan komai kan yi kamar ya fito. Buɗa hoton ka duba tsakiyar furen kafin ka tashi daga wurin.

9. Iska da rawar hannu

Iska ce babbar abokiyar gabar wannan aiki, maganinta kuwa haƙuri. Ba ta kaɗawa a jere, takan busa ta tsaya. Saita komai, ka ɗora yatsa, ka jira lokacin da karan zai tsaya cak. Ɗauki hotuna da yawa a jere, cikinsu za a samu mai kyau. Kana iya tare iskar da jikinka ko jakarka. A babbar kyamara kada saurin ƙiftawa ya yi ƙasa da 1/250 na daƙiƙa in akwai 'yar iska, in ta yi ƙarfi kai shi 1/500, ko da za ka ɗaga ISO zuwa 800 ko fiye. Hoto mai ɗan yashi-yashi ya fi wanda ya girgiza.

Don rawar hannu, kafa gwiwar hannunka a ƙasa ko a kan gwiwarka, riƙe wayar da hannu biyu, ka danna da maɓallin ƙara sauti maimakon bugun fuskar. Idan a kan sanda take, sa agogon jinkiri na daƙiƙa 2 ko 3.

Ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ba a bin su da gudu. Lura da furen da suke yawan sauka a kai, ka kulle fokas a kansa, ka zauna shiru, za su dawo. Da sanyin safiya ba su da kuzari sosai, sun fi tsayawa. Ga mai tashi, sai 1/1000 ko sama. Kada inuwarka ta faɗa kansu, kada kuma ka kai musu hannu.

10. Ɗaga kai ka ɗauki shimfiɗar wurin

Ido kan ga fili mai faɗi ya ji daɗi, kyamara kuwa ta mayar da shi tsiri uku: ciyawa, bishiyoyi, sama. Abin da ke rayar da irin wannan hoto shi ne a samu abu a kusa, abu a tsakiya, abu a nesa. Sauka ƙasa ka sa gungun furanni a gaba, tafki ko hanya a tsakiya, bishiyoyi ko gine-gine a can baya. Nemi layin da zai ja ido zuwa ciki: hanyar da ta lanƙwasa, shinge, gada, jerin bishiyoyi. Ya fi kyau layin ya taso daga kusurwar ƙasa.

Kada ka yi ta faman ɓoye garin. Lambun cikin gari ba daji ba ne, kuma furen daji da dogon bene a bayansa hoto ne da ba za a samu a ƙungurmin daji ba. Ni a wurina haɗuwar nan ita ce daɗin wurin. Abin gudu shi ne gini ko falwaya ta leƙo rabi-rabi a gefe kamar da kuskure. Ko ka shigo da abu sosai, ko ka fitar da shi gaba ɗaya.

Daidaita layin da ƙasa ta haɗu da sama da layukan fuskar kyamara, musamman in akwai ruwa, domin karkataccen tafki na damun ido. Idan sama ta yi kyau, ba ta kashi biyu cikin uku. Idan fara ce fat babu komai, rage ta ko ka cire ta. Riƙe wayar a miƙe, domin karkata ta sama na sa gine-gine su yi kamar za su faɗi baya. A babbar kyamara yi amfani da f/8 zuwa f/11. A waya bar HDR, wato tsarin da ke daidaita wuri mai haske da mai duhu a hoto ɗaya, a kunne in sama na da haske ƙasa na da duhu. Hoton bishiya a cikin ruwa kuwa sai da safe kafin iska ta motsa shi, kuma ya fi fitowa in ka sauka kusa da ruwan.

Akwai gilashin tace ƙyalli da ake ɗaurawa a gaban kyamara ana juyawa. Yana cire walƙiyar ganye da ruwa, yana ƙara wa sama shuɗi, ya fi aiki kuma idan rana na gefenka. Sai dai yana cinye rabin haske ko fiye, don haka ka lura da saurin ƙiftawa.

Hattara: mutum ɗaya a can nesa kan hanya na nuna girman wuri, amma kada ka ɗauki fuskar kowa a kusa ba da yardarsa ba, yara kuwa sai da izinin iyayensu. Idan hoton na kasuwanci ne, ko za ka tashi jirgi marar matuƙi, tambayi masu kula da lambun tukuna, domin wurare da yawa na neman takardar izini ko sun hana gaba ɗaya. Ka kuma riƙa waiwaye. Wanda ya kwanta ya zuba ido a kan fure ba ya ganin mai keke, ba ya ganin mai fizge waya. Jakarka ta kasance a jikinka.

11. Tace, sannan ka gyara da sauƙin hannu

Da ka dawo, kwafe hotunan zuwa wuri na biyu kafin ka taɓa komai. Sannan ka tace ba sani ba sabo. Cikin goma masu kama da juna, ɗaya za ka riƙe. Fara da zubar da waɗanda fokas bai kama ba, domin babu manhajar da za ta dawo da shi yadda ya kamata.

Snapseed kyauta ce, Lightroom na waya ma yana da ɓangaren kyauta da ya ishi wannan aiki. Bi wannan jerin: miƙe hoton, yanke abin da ya yi yawa a gefe, rage hasken wuraren da suka yi fari, ɗago inuwa kaɗan, gyara ɗumi ko sanyin launi in ya karkata, sai a ƙarshe ka ƙara kaifi ɗan kaɗan. Hoton da aka ɗauka a inuwa yakan yi shuɗi-shuɗi, ɗan ɗumi zai dawo da shi.

Hattara: maɓallin ƙara launi shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Da an ja shi da yawa sai ciyawa ta koma kamar ta roba, jan fure ya rasa zanensa. Ja shi har inda ka ga ya yi, sannan ka dawo da shi rabi.

12. Nemo sunan furen, ka tura hoton da ingancinsa

Manhajoji irin su Pl@ntNet, iNaturalist da Google Lens na taimakawa wajen gano sunan shuka daga hoto. Don su yi aiki da kyau, tun a lambun ka ɗauki ƙarin hotuna na shaida: furen ta gaba da ta gefe, ganyen, da shukar gaba ɗaya. Abin da suka faɗa hasashe ne, ka gwada da wasu hotunan kafin ka rubuta sunan, kada kuma ka dogara da su wajen cin wata shuka ko yin magani da ita.

WhatsApp da Facebook na matse hoto su rage masa inganci. A WhatsApp zaɓi HD, ko ka tura shi a matsayin fayil in wanda zai karɓa na son bugawa a takarda. Ka sani kuma waya kan liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi, fayil ɗin da ka tura kai tsaye na tafiya da wannan bayanin. Idan ka ci karo da furen da ba kasafai ake ganinsa ba, cire bayanin wurin kafin ka yaɗa hoton, ka ambaci sunan lambun kawai ba tare da nuna daidai gindin da yake ba, sannan ka sanar da masu kula da wurin don kada injin yankan ciyawa ya bi ta kansa.